Jirgin Dizal na Kawu Ghissa

Kawuna Ghissa bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, amma wannan bai hana shi gyara mini bayani a kansa ba.

Na dawo Cirozerin cikin sanyin da ya biyo bayan ƙuri'ar i ko a'a ta zamanin Nasara. Shekara bakwai na yi a Bobo ina shafa wa kawunan jirgi mai, a layin da ke gangarawa Abijan. Na dawo da akwati guda, da Faransancin kasuwa, da ƙaiƙayin ƙafa. Cikin kwana uku na gane garinmu bai motsa ba tun da na bar shi. Lambuna na nan a bakin ƙorama, shanu na jan ruwa, awakin ma ina jin waɗanda na bari ne. Don kada in haukace sai na shiga ba mutane labarin dizal.

Kuma ya isa a ba da labarinsa. Jirgin gawayi tari yake yi, ya yi tofi, ya baƙanta wa mutum riga. Shi kuwa dizal tsayawa yake yi, ja da ratsin fari, yana gurnani ƙasa-ƙasa har ka ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarka. Ga ɗakin direba a gaba, ga wani a baya. In ya kai ƙarshen hanya ba a juya shi, direba ne ke sauya wuri.

“Ƙarya ne,” in ji Kawu. “Abu mai kai biyu ba ya tafiya. Wannan ya ja nan, wancan ya ja can.”

“Kawu, da hannuna fa na shafa masa mai.”

“Shafa mai daban, sani daban. Ni na raka ayari har Damagaram, na sha shayi da mutumin da ya kwana a Kano kusa da tasha.”

Lokacin nan wasu Nasara sun kafa tantuna a bayan gari. Yawo suke yi da wani akwati mai ƙas-ƙas suna sauraren duwatsu. Kamiyonsu ya yi arewa wajen Arlit, inda babu kome sai fili da iska, ya dawo da buhunan tsakuwa, su kuwa sai murna. Babbansu muna ce masa Mai Guduma, don ko sallama ya zo yi da ƴar gudumarsa a ƙugu. Kawu ne ke kai musu tumatir da albasa, da na dawo sai ya riƙa jana ina yi masa tafinta.

Ranar Litinin muka shiga tantin Mai Guduma, na ga abin da ya sa na saki kwandon tumatir. A kan teburinsa kan dizal ne, bai wuce taƙi ɗaya ba. Kome nasa daidai: ga tagogi, ga fitilu, ga matakalar da na hau ta fi sau dubu, har ƙusoshinta. Da Nasara ya ga yadda na buɗe baki sai ya jona waya da batirin mota, ɗan jirgin nan ya kama zaga layinsa. Ashe ubansa ma'aikacin jirgi ne a ƙasarsu. Muka duƙa, ni da shi, muna ta musu a kan ƙafafu da birki, tumatir na birgima a ƙasa ba mai kula shi.

Kawu ya gaji da tsayuwa. “Tijjani, wannan ai jariri ne. Tambaye shi ina uwar.”

Mai Guduma ya yi dariya, ya ce ta gaskiya ta ninka shi sau tamanin da bakwai.

“To yaushe za su kawo ta nan?”

Nasara ya ɗaga kafaɗa. Ya ce in dutsen da suke nema ya yi yawa, wataƙila, wata rana. Haka na fassara, Allah shaida: wataƙila, wata rana.

“Gaya masa ni ma zan ƙera nawa,” in ji Kawu. “Wanda ya fi wannan ɗan tsako.”

Mai Guduma ya tafa hannu, ya ce ranar Lahadi zai zo gani, har da na'urar hoto. Ya ba mu tsohon tano, wato gangar ƙarfe ta ruwa, kyauta.

Kafin mu kai shingen lambu, “wata rana” ta koma “bayan Salla”. Kafin a sauke shayi na biyu, Nasara suna neman direba. Kafin na uku, ranar Lahadi za a yi jarrabawa, kuma mutum ɗaya aka kira a duk ƙasar Abzin.

Wanda bai san lambun Abzin ba, ga yadda yake. A kan rijiya ana kafa itatuwan goruba, a rataya wani faifan itace da muke ce wa tekarkart, igiya ta bi ta kansa zuwa wasaki. Sa ne ke ja. Ya yi tafiya daidai zurfin rijiyar, wasaki ya iso baki ya juye cikin kwami, ruwa ya bi lambatu zuwa fangali. Sa ya juyo, ya dawo bakin rijiya, wasaki ya koma ƙasa. Haka, daga safe har rana ta take. San Kawu, Jatau, shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Taki goma sha biyu ne nasa. Ba ya bukatar mai jan akala, a ce masa “hay” kawai.

Ranar Talata da safe Kawu ya kwance duk wannan.

Inna Dassin, matarsa, ta iske shi a kan rijiya yana sauko da tekarkart. Ta tsaya ta dubi itatuwan a ƙasa, ta dubi alkamarsu. Fangali talatin ne, abincin gidan na shekara, kuma ta fara ɗaukar ciki, lokacin da ba ta jure ƙishi fiye da kwana uku.

“Kai, me ya sami rijiyar?”

“Ƙafa nake bukata, da layi.”

“Alkama fa?”

“Ta yi haƙuri zuwa Lahadi.”

“Ka gaya mata? Don ni ba na jin yarenta.”

“Ke, matar direban jirgi ba ta damuwa da alkama. Burodi za ki riƙa ci.”

“Burodin da me ake yinsa, mai jirgi?”

Kawu ya dube ni. Na dubi sama.

Aikin ƙarfe sai Amumun maƙeri. Maƙeran ƙasarmu ba a hana su magana, ko gaban sarki ne, shi kuwa Amumun nasa rabon ya fi na kowa. Ya kwantar da tanon, ya yanke rami a bisa inda direba zai shiga, ya huda tagogi. Tekarkart ta zama ƙafa ɗaya. Aka tsaga gungumen bakin rijiya da ƙaramar igiyar wasaki ke bi, aka sami biyu. Ta huɗu gindin tsohon turmi ce.

Amumun ya ja da baya ya duba, ya kira Kawu yadda Nasara ke kiran shugaba. “Shef, ƙafa huɗu, babu biyu da suka san juna. Haka na Nasara yake?”

“Na Nasara taƙi ɗaya ne. Auna nawa.”

“Huɗu da ɗan yatsa.”

“Ka ji. Tun ban fara ba na ninka shi huɗu.”

Aka shafa jar ƙasa, aka ja ratsi da farar ƙasa. Nan na yi kuskuren sa baki, don raina bai jure ba. Na ce ratsin ya sauko ƙasa kaɗan, na gyara fitilu da murfin gwangwani, har na sassaƙa matakala. Abin kunya, sai da ya fara kama da shi, in ka tsaya nesa ka runtse ido ɗaya.

Ranar Alhamis Kawu ya ɗaure gwangwanin garwashi a gaba, ya tara kashin raƙumi a buhu.

“Kawu, dizal ba ya irin wannan hayaƙi. Abin da ya sa ake sonsa ke nan.”

“Jirgi ba hayaƙi, wa zai san jirgi ne? A ce tano ne ya tsere.”

“Ai tano ne,” in ji Amumun.

“Kai, hura wutarka.”

Amumun ya ba da aron zuga-zuginsa, aka cusa masa ƙahon rago a baki don a sami kukan jirgi. Da aka gwada, jakan unguwa uku suka amsa.

Duk wannan lokaci Inna Dassin na ɗauko ruwa da tulu daga rijiyar maƙwabta. Tulu ɗaya ba ya jiƙa ko kusurwar fangali. Ranar Juma'a ganyen alkama ya naɗe. Ranar Asabar ya fara ja daga baki. Maƙwabta suka daina yi wa Kawu sannu da aiki, suka koma yi wa Inna sannu da haƙuri. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan shinge ta tambaya ko jirgin zai riƙa tsayawa a gidan ƴarta da ke Tabelot.

“In ta nema a rubuce,” in ji Kawu.

A ranar ne na yi tambayar da ya kamata in yi tun Talata. “Kawu, me zai ja shi?”

“Inji mana.”

“Ina injin?”

Ya nuna Jatau, wanda ke kwance a gindin dabino kwana biyar yana tuƙa, yana mamakin wannan hutu da bai roƙa ba.

“Sa zai ja dizal a gaban Nasara?”

“Wa ya ce zai gan shi? Kai duk yawonka bai ƙara maka kome ba.”

Dabarar ita ce. An shimfiɗa itatuwan goruba biyu-biyu a matsayin layi, daga bakin rijiya, bisa hanyar da Jatau ya daddaɓe da kofato, don nan ne kawai ƙasa ke da tauri. Za a ɗaura igiyar rijiya a hancin jirgi, a binne ta cikin rairayi, a ratsa da ita ta ƙofar shinge. Jatau zai tsaya a bayan shinge inda ba a ganinsa. Kawu ya ce “hay”, jirgi ya tafi da kansa. Kwamin rijiya kuwa aka ɗaura shi a baya, ya zama taragon manyan baƙi.

Inna Dassin ta aje tulu ta saurara har ƙarshe. “Kun yi shawara da Jatau?”

“Ana shawara da inji?”

“To,” in ji ta. Ta ɗauki tulunta.

Ranar Lahadi da hantsi garin duka ya zo. Masu lambu suka bar shanunsu, mata suka jeru a inuwar dabino, har wasu makiyaya da suka zo sayen albasa suka durƙusar da raƙumansu. Kawu ya fito cikin riguna uku, da rawani mai ƙyalli, ya ɗora kwanon sha a bisa rawanin a matsayin hular direba. Ramin da Amumun ya yanke na mutum mai riga ɗaya ne. Sai da mutum biyu suka danna shi ta kafaɗa kafin ya shige har ƙirji.

“In ka tashi fita, Shef, ka ba mu labari tun jajibiri,” in ji Amumun.

Aka yi wa liman tayin tarago. Ya ce zai yi mana addu'a daga inda yake.

Mai Guduma ya iso da ɗan jirginsa a akwati. Ya zaga na Kawu sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙafafun, ya share hawayen dariya. Ya aje nasa kusa da na Kawu ya ɗauki hoto.

“Me ya ce?”

“Ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.”

“Kun ji da kunnenku,” in ji Kawu.

Mai son jirgi ba ya ƙin hawa jirgi, ko na mene ne. Mai Guduma ya ba ni akwatinsa, ya zauna cikin kwami, gwiwoyinsa a haɓa. Aka zuba kashin raƙumi a garwashi. Hayaƙi ya turnuƙe, layin gaba na ƴan kallo ya koma layin baya. Kawu ya matsa zuga-zugi, jakai suka amsa. Ya cika ƙirji.

“Hay!”

Igiya ta miƙe daga cikin rairayi a gaban kowa, kowa kuma ya yi kamar bai gani ba. Jirgi ya yi ƙara, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya tafi.

Wallahi ya tafi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kaina, da na san abin da ke bayan shinge, sai da tsikar jikina ta tashi. Kawu na ɗaga wa jama'a hannu kamar gwamna ya zo rangadi.

Taki goma sha biyu. Jirgi ya tsaya cik.

“Lafiya, Shef?”

“Tasha ce,” in ji Kawu. “Agadas ke nan. Mai sauka ya sauka.” Ya rage murya. “Hay. Hay mana!”

A bayan shinge Jatau ya ɗan jira ƙarar zubar ruwa. Bai ji ba, amma wannan ba matsalarsa ba ce. Ya yi nasa. Ya juyo.

Sai ga shi ya shigo ta ƙofar shinge a natse, yana jan igiya, ya nufi bakin rijiya kamar kullum.

“Jama'a a ba da hanya,” in ji Amumun. “Inji ya zo gaida direba.”

Jatau ya iso ya tarar da wani jan abu mai wari a tsakiyar hanyarsa. Shekara goma sha ɗaya ko kaza ba ta taɓa tare masa wannan hanya ba. Ya tsaya. Kawu ya matsa masa ƙaho a fuska don ya kauce. Jatau ya yi tunani kaɗan, ya sunkuyar da kai, ya kafa goshi a hancin jirgi, ya ci gaba da tafiyarsa.

Jirgi ya kama komawa da baya.

Wani zai yi ihu. Kawu Ghissa kuwa juyowa ya yi wajen jama'a. “Kun gani? Dizal ke nan! Kai biyu gare shi, ba a juya shi. Tun yaushe nake gaya wa yaron nan!”

“Kawu, rijiya!”

“Na san inda take. Ni na haƙa ta.”

“Birki, Kawu!”

“Me?”

A nan muka tuna abin da ba mu ƙera ba.

Mai Guduma ya waiwaya ya ga baƙin rami na matsowa, ba itace ko ɗaya a bakinsa. Ya yi tsalle ya faɗa cikin albasa. Kwami ya zame ya gitta bakin rijiya, igiyarsa ta tsinke. Tano ya hau kansa, ya ɗaga hanci sama, ya zubar da ƙafafunsa huɗu kowace ta kama gabanta, ya shige da gindi. Muka ji yana gurzar bango har ƙasa. Sannan tsulum. Sannan cuuu, garwashi ya sha ruwa.

Liman ya fara salati. Muka ruga muka leƙa.

“Kawu! Kana da rai?”

Murya ta taso daga ƙasa. “Wa ya ce a tsaya kallo? Jirgi na shan ruwa. Duk jirgi na shan ruwa.”

“Na gawayi ke nan, Kawu.”

“Tijjani, in na fito!”

Aka shiga neman igiya. Ashe ba a bukata. Igiyar na nan ɗaure a hancin tano, ta bi ta kan kwami, ɗaya bakin a jikin Jatau. Shi kuwa Jatau yana bakin rijiya, wurinsa, ya ji nauyi a igiya irin wanda ya sani. Duniya ta koma daidai. Ba wanda ya ce masa kome, ya juya ya kama hanya.

Taki goma sha biyu. Tano ya iso baki, ya jingina da kwami, ya karkata, ruwa ya kwararo ta tagogi. Ga Kawu a ciki, ba kwano, rawani ya sauko wuya, riguna uku sun sha ruwa sun kumbura sun toshe ramin kamar an dasa shi.

“Arlit!” in ji Amumun. “Mai sauka ya sauka!”

“Ku ja ni! Ku ja—”

Mutum biyu suka kama hannuwansa. Jatau ya ji zubar ruwa, ransa ya yi fari, ya juyo. Hannuwan suka suɓuce. Tsulum.

Mai Guduma na zaune cikin albasa yana ɗaukar hoto yana dariya. Makiyayan nan suka ce in haka jirgi yake, su dai raƙumi ya ishe su. A fitowa ta biyu Kawu ya ce wannan duk cikin jarrabawa ne. A ta uku ruwa kawai ya fesar.

Na ga abin ya isa. Na aje akwatin Nasara, na ruga ƙarshen hanya, na riƙe akalar Jatau daidai lokacin da tano ke bakin rijiya a karo na huɗu. Na waiwaya in kira a ciro shi. Sai na ga Inna Dassin.

Ba ta cikin masu leƙa rijiya. Fartanya ce a hannunta. Ta ja rami daga inda ruwan ke zuba zuwa lambatu, ruwa na gudu, ta buɗe fangali na farko ya cika, ta toshe, ta buɗe na biyu. Tano ya fi wasaki ci nesa ba kusa ba, ko da mutum a ciki.

Kawu ya share ido, ya nemo Mai Guduma. “Tijjani. Tambaye shi. Na ci?”

Na ɗaga murya na tambaya. Nasara ya miƙe ya kakkaɓe wando. Ya ce shi dutse yake nema, babu jirgi a takardunsa, babu direba. Amma ya ce injin nan, a duk layin da ya sani, bai ga mai kiyaye lokaci kamarsa ba.

“Ya ce injin yana da kyau, Kawu.”

“Na sani. Ni na zaɓe shi. Direban fa?”

Inna Dassin ta ɗago daga lambatu, ta ƙirga fangalin da ido, ta gyara riƙon fartanya.

“Direba ya toshe hanci,” in ji ta. “Saura ashirin da shida. Tijjani, saki sa.”

Na dubi Kawu. Na dubi alkama.

Na saki.